Yadda Za Ku Gudanar da Aikin Bincike na Mako Shida a Aji, da Misalin Binciken Barci

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da alli ya san irin aikin nan da ake ba yara a rukuni. A miƙa musu kwali da fensir masu launi, a ce su zana sassan fure ko zagayen ruwan sama. Yaro ɗaya mai kyan hannu ya duƙufa, biyu su riƙe masa gefen kwalin, sauran su koma hira. A manna a bango, a tafa, a ba kowa maki iri ɗaya. Bayan mako biyu ku tambayi masu riƙe kwali abin da ke jikinsa, sai kallon-kallo. Abin da ya fi damuna ma shi ne yaron da ya koma gefe, domin darasin da ya ɗauka ranar shi ne ana iya gama aiki ba tare da shi ba.

Koyarwa ta hanyar aiki tsohon tunani ne. John Dewey, masanin ilimi Ba'amurke, ya buɗe makarantarsa ta gwaji a Jami'ar Chicago a 1896, kuma a 1918 William Kilpatrick, malami a Jami'ar Columbia, ya wallafa maƙalar da ta yaɗa wannan hanya a duniya. Shi Dewey da kansa daga baya ya yi gargaɗin cewa ba kowane kai-komo da yaro ke yi ne yake zama ilimi ba. Wannan gargaɗi shi ne ginshiƙin jagorar nan. Aikin da zai amfani karatun yaro da kwanciyar hankalinsa yana buƙatar tambayar da ba a san amsarta ba tukuna, da rabon aiki da zai sa a buƙaci kowane yaro, da mutanen gaske da za a kai wa sakamakon. Zan bi matakan da misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wato binciken barcin 'yan aji. Ya dace da manyan azuzuwan firamare da ƙananan azuzuwan sakandare, kuma ba ya cin komai sai takarda da agogo. Darasi biyu a mako ya isa.

Mataki na farko: ku samo tambayar da ku ma ba ku san amsarta ba

"Mene ne amfanin barci?" tambaya ce ta jarrabawa, yaro zai kwafo amsa ya huta. "Awa nawa 'yan ajinmu suke barci, kuma yaya muke ji washegari?" ita ce tambayar bincike, domin babu littafin da ke ɗauke da amsarta. Sai an ƙirga.

Na zaɓi barci ne saboda yana taɓa ɓangarorin biyu, karatun yaro da kwanciyar hankalinsa, a lokaci guda. A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da shawarar cewa yara 'yan shekara 6 zuwa 12 suna buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana, 'yan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ga ma'auni nan a hannu, wanda yara za su gwada kansu da shi. Ga kuma lissafin lokaci, da matsakaici, da zanen jadawali, da kimiyyar jiki, da rubutun bayani, duk a cikin manhaja suke. Kafin ku shiga aji, ku ɗauki manhajar zangon ku ja layi a ƙarƙashin abubuwa uku ko huɗu da aikin zai koyar. Idan ba ku iya nuna su da yatsa ba, shugaban makaranta zai tambaye ku dalilin ɓata darussa goma sha biyu, kuma yana da gaskiya.

Ranar buɗewa, kada ku fara da bayani. Ku ce kowa ya rubuta hasashensa a 'yar takarda: matsakaicin barcin ajin nan awa nawa ne? Ku tattara, ku zuba a ambulan, ku manne a gabansu. Sai mako na huɗu za a buɗe.

Mataki na biyu: sirri da izini, kafin a rubuta lamba ko ɗaya

Nan ne na taɓa tuntuɓe, shi ya sa zan tsaya a kansa. Karon farko da na gwada irin wannan aiki, na zana babban jadawali a bango da sunan kowane yaro, kowa ya zo da safe ya cike gurbinsa. Kwana uku kacal aka yi, aka raɗa wa wani yaro suna saboda lambarsa ita ce mafi ƙanƙanta kullum. Daga baya na gane cewa a gidansu shi ke kwana da kakansa marar lafiya. Daga ranar ya fara rubuta awa tara, ni kuma na rasa gaskiyar bayanan, na kuma jawo masa kunyar da ba shi da laifi a cikinta.

Lokacin kwanciyar yaro ba a hannunsa yake ba sau da yawa. Wani ɗakinsu cunkushe yake, wani yana taya iyaye aiki har dare, wani hayaniyar unguwa ce ke hana shi runtsawa. Saboda haka ku shimfiɗa dokoki uku tun ranar farko, ku rubuta su inda kowa zai gani. Ba a sa suna a katin bayani, wato katin da kowa zai rubuta lokacin barcinsa a kai kullum. Ba a tambayar kowa lambarsa. Wanda ba ya son saka kati wata rana, ba sai ya faɗi dalili ba. Ku samo kwali mai rufi, ku huda masa baki, ku ajiye kusa da ƙofa, kowa ya jefa katinsa yayin shigowa. Katunan su kasance iri ɗaya, girma ɗaya, don kada a gane na wane ta launi.

Ku aika wa iyaye 'yar gajeriyar wasiƙa da ke cewa ajin zai ƙirga awannin barci don darasin lissafi da kimiyya, ba za a ɗauki suna ba, kuma ba binciken gidan kowa ake yi ba. Jimlar ƙarshen nan ita ce ta fi muhimmanci a wajensu. Ku sanar da shugaban makaranta, da mai ba ɗalibai shawara idan makarantar tana da shi.

Mataki na uku: rabon rukuni yadda ba za a iya tsallake kowa ba

A 1971, a birnin Austin na jihar Teksas, an haɗe makarantun da a da aka ware su bisa launin fata, sai faɗa da ƙiyayya suka ɓarke tsakanin yaran. Aka gayyato masanin halayyar ɗan Adam Elliot Aronson da ɗalibansa. Abin da suka lura da shi shi ne aji kansa filin gasa ne: malami ya yi tambaya, masu sani su ɗaga hannu, marasa sani su sunkuyar da kai suna jin haushin masu sani. Sai suka yanka darasi gunduwa-gunduwa, suka ba kowane yaro a rukuni gunduwa ɗaya tak, suka ce jarrabawa za ta shafi dukkan darasin. Yaron da ake yi wa dariya jiya, yau sai an saurare shi, domin abin da ke hannunsa babu shi a hannun kowa. Aronson ya raɗa wa tsarin sunan wasan nan na hoto da ake yayyankawa sai an harhaɗa shi kafin a ga siffarsa.

Ga yadda za ku yi shi a binciken barci. Ku raba ajin rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar, ku da kanku, kada ku bar su su zaɓa. Idan aka bar yara su zaɓa, akwai wanda zai tsaya shi kaɗai a tsakar aji yana jiran a tausaya masa, kuma wannan minti biyun yana iya ɓata masa mako shidan gaba ɗaya. Ku gauraya masu ƙarfi da masu rauni, ku raba aminan da ba sa iya yin shiru tare. Wannan shi ne rukunin gida.

Sai ku shirya takardun karatu huɗu, kowace ba ta wuce shafi ɗaya ba. Ta farko a kan abin da ƙwaƙwalwa ke yi yayin barci, musamman yadda take daidaita abin da aka koya da rana ya zauna. Ta biyu a kan agogon jiki da sinadarin melatonin, wanda jiki ke saki idan duhu ya yi, haske mai ƙarfi kuma yake jinkirta shi, da yadda agogon yake ja baya idan yaro ya fara balaga har ya ga barci ba ya zuwa masa da wuri. Ta uku a kan awannin da masana suka ba da shawara gwargwadon shekaru. Ta huɗu a kan yadda ake lissafa tsawon lokacin da ya ratsa tsakar dare. Kowane ɗan rukunin gida ya ɗauki ɗaya. Idan su biyar ne, biyu su haɗu a kan wadda ta fi wuya.

Daga nan duk masu takarda iri ɗaya su tashi su haɗu a kusurwa guda. Wannan zama shi ne sirrin tsarin, kuma shi ne malamai suka fi gaggautawa. Ku ba shi darasi guda cikakke. A nan yaron da karatu ke masa nauyi zai ji wasu sun karanta, ya yi tambaya, ya gwada bayani da bakinsa sau biyu ko uku kafin ya koma rukunin gida. Ku zagaya ku saurari masu raunin musamman. Kada ku bari yaro ya koma rukuninsa hannu rabbana, domin idan ya tsaya yana in'ina ba shi da abin faɗa, kun tabbatar wa abokansa abin da dama suke zato a kansa. A darasi na gaba kowa ya koma rukunin gida ya koyar da nasa kashi cikin minti biyar, sannan ku yi gajeriyar jarrabawa wadda kowa zai amsa shi kaɗai a kan duka kashi huɗun.

Mataki na huɗu: kwana goma na ƙirga

Katin ya ƙunshi abu huɗu kawai: ranar mako, lokacin da na kwanta, lokacin da na tashi, da yadda nake ji yanzu daga 1 zuwa 5. Ku zauna da ajin ku yanke ma'anar kowace lamba, misali 1 ita ce idona na rufewa, 5 kuma garau nake. Wanda ba shi da agogo a ɗaki ya yi kintace, ya sa 'yar alama a gefe. Wannan alamar za ta ba ku damar yin magana a kan bambancin abin da aka auna da abin da aka kintata, wanda shi kansa darasin kimiyya ne babba.

Kowace safiya rukuni ɗaya ne zai buɗe kwalin ya lissafa. A nan za ku ga inda lissafin yara yake yoyo. Wanda ya kwanta 10:30 na dare ya tashi 6:00 na safe, da yawa za su ɗebe ƙaramar lamba daga babba su ce awa huɗu da rabi. Kada ku gyara nan take. Ku zana layi a allo, ku sa 12:00 a tsakiya, ku ce su ƙirga daga kwanciya zuwa tsakar dare, awa ɗaya da rabi, sannan daga tsakar dare zuwa tashi, awa shida. Bakwai da rabi ke nan. Bayan kwana uku ba za su ƙara buƙatar layin ba.

A mako na huɗu ku haɗa duka. Su fitar da matsakaici, su kuma jera lambobin daga ƙarama zuwa babba su nemo ta tsakiya, sannan ku tambaye su dalilin da ya sa biyun suka bambanta. Kati ɗaya mai awa huɗu yana iya jan matsakaici ƙasa, amma da ƙyar yake motsa lambar tsakiya. Su zana jadawali mai ginshiƙai na kowace rana. Su ware katunan da suka cika awannin da ake so da waɗanda ba su cika ba, su kwatanta lambar yadda ake ji a ɓangarorin biyu. Sai a ɓalle ambulan ɗin hasashe.

Wata ƙila sakamakon ya fito ba yadda kuke so ba, a ga masu gajeren barci sun rubuta 4 da 5. Ku bar shi yadda ya fito. Ku tambaye su me zai iya jawo haka: ƙarancin katuna, ko kintace, ko wani ya rubuta abin da yake ganin malam na so. Ko da kuma an ga alaƙa, ku tuna musu cewa tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan, domin rashin lafiya kan iya hana barci ta kuma sa kasala.

Ƙananan abubuwa uku da za ku saƙa a cikin kowane darasi

Ku buɗe kowane zama da minti biyar na tuno abin da ya wuce, littafi a rufe, kowa ya rubuta abu uku da ya riƙe. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farko-farkon koyo, kuma a 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka sake karantawa riƙe shi bayan mako guda. Ba a ba da maki a wannan.

Idan kun yi tambaya, ku yi shiru. Mary Budd Rowe, wata mai binciken ilimi Ba'amurkiya, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta samu malamai ba sa jira fiye da kusan daƙiƙa ɗaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi kan ƙara tsawo, yaran da ba sa magana su fara sa baki. Daƙiƙa uku a gaban aji tana da tsawon da ba ku zata ba, ku ƙirga a zuci.

Na uku motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu matsakaicin minti 60 na motsa jiki a rana. A 2012 wata shugabar firamare a garin Stirling na Skotlan, Elaine Wyllie, ta fara fitar da ɗalibanta gudu ko sassarfa na minti 15 kullum a cikin kayan makarantarsu, abin da ya zama shirin da ake kira Daily Mile. Idan jadawalinku bai ɗauki hakan ba, ko zagaye biyu na fili kafin zaman lissafi ya fi babu.

Mataki na biyar: daftari, gyara, sake daftari

Mako na biyar kowane rukuni zai shirya abin da zai gabatar: allon bayani, ko ɗan littafi mai shafi huɗu, ko gajeren wasan kwaikwayo da jadawalin a bayansa. Ku faɗa musu tun farko cewa na farkon daftari ne, a takarda marar tsada, kuma dole a sake shi. Ron Berger, wani malami Ba'amurke, ya shahara da dokoki uku na gyaran aikin aboki: maganar ta zama mai taushi, ta nuna takamaiman wuri, ta kuma taimaka. Yakan ba da misalin wani ɗan aji ɗaya na firamare da ya zana malam-buɗe-littafi har sau shida, abokansa na nuna masa siffar fiffike da tsarin zanen jikinsa, har na ƙarshen ya fito kamar hoton da yake kwaikwaya.

Yara ba sa iya wannan sai an koya musu. Ku fara da aikinku. Ku zana jadawali mai kurakurai da gangan, babu suna a gefensa, ginshiƙan ba tazara ɗaya ba, ku ce su gyara muku. Wanda ya ce "bai yi kyau ba", ku tambaye shi ina ne. Wanda ya ce "ya yi kyau", shi ma ku tambaye shi ina ne. Idan sun ga malam ya karɓi gyara bai ɓata rai ba, sai ku sa rukunai su yi musayar daftari, kowane ya rubuta abu ɗaya da ya fito sarai da abu ɗaya da bai gane ba.

Mataki na shida: ku kai shi gaban mutane

Mafi sauƙin masu sauraro su ne ajin da ke ƙasa da naku. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da zai tsaya gaban 'yan shekara tara yakan shirya fiye da yadda zai shirya wa malaminsa, domin ƙanana ba sa ɓoye gundura. Ana iya gayyato iyaye ko ma'aikacin lafiya. Sharaɗin shi ne kowane ɗan rukuni ya sami abin yi a fili. Mai tsananin kunya ya nuna ginshiƙai da sanda, ko ya amsa tambaya ɗaya da aka shirya da shi tun jiya.

Da safen ranar ku ba su minti goma kowa ya rubuta abin da yake tsoro a takardar da ba wanda zai karanta. Gerardo Ramirez da Sian Beilock sun wallafa bincike a 2011 da ya nuna irin wannan rubutu kafin jarrabawa ya taimaki ɗaliban da fargaba ke damunsu. Wanda ya gama ya yaga ko ya cusa a aljihu.

Maki, da katin da zai tayar muku da hankali

Kada maki ya rataya a kan awannin barcin kowa, kada kuma ya rataya a kan kyan kwali. Ni na fi son kaso mafi girma ya fito daga aikin kowane yaro shi kaɗai, wato jarrabawar kashi huɗun nan da shafi ɗaya da zai rubuta yana bayyana abin da jadawalin ya nuna da abin da bai isa ya nuna ba. Kaso ƙarami ya tafi ga rukuni, shi ma a kan bambancin da ke tsakanin daftarin farko da na ƙarshe. Ta haka mai ƙoƙari ba zai ji an ci guminsa ba, mai rauni kuma ba zai ɓuya a bayan kowa ba.

A cikin kwana goman nan kuna iya cin karo da katin da kullum yake nuna awa uku ko huɗu, ko wanda aka rubuta wata magana a bayansa. Kada ku bi sawun rubutun hannu a gaban aji, kada ku tsaya kuna tambayar na wane ne. Ku faɗa wa ajin gaba ɗaya, da murya irin ta kullum, cewa duk wanda wani abu ke hana shi barci zai iya samunku lokacin tara ko bayan tashi, ku kuma ambaci wani babba na biyu a makarantar da za a iya zuwa wajensa, domin ba kowane yaro ne zai iya buɗe baki ga malamin ajinsa ba. Idan yaro ya zo, ku saurara fiye da yadda kuke tambaya, kuma kada ku yi masa alkawarin rufe maganar gaba ɗaya. Ku gaya masa cewa idan abin ya shafi lafiyarsa ko tsaronsa, za ku sanar da wanda ke da alhakin kare ɗalibai a makarantar, kuma za ku faɗa masa kafin ku yi hakan. Ku rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da kwanan wata, a ranar da ya faɗa, ku miƙa ta hanyar da makarantarku ta tsara.